Injin da ba ya aiki sai ana kallonsa

Shekara goma sha ɗaya Malam Sharafaddeen Kolo ya yi yana gina wani inji da babu wanda ya taɓa ganinsa, har shi kansa. Ba ƙarfe ba ne, ba shi da taya, ba ya shan mai. Rubutu ne a cikin kwamfuta wanda yake yin kamar shi inji ne: a ba shi jerin umarni, ya ɗauki na farko ya aikata, ya ɗauki na biyu, haka har ƙarshe. Ranar da ya zauna ya yi wa matarsa Mardiya wannan bayanin tana tsintar shinkafa, ta saurare shi har ya kai aya, sannan ta ce, "To, injin babu ke nan." Sunan ya bi shi. Tun Malam yana jin haushi har ya wayi gari shi ma Injin Babu yake cewa.

Umarnin da injin ke bi kuwa da wani yare ake rubuta su, wanda shi ma Malam ne ya ƙirƙira da kalmomin Hausa, a tsakanin darasi da darasi a sakandaren da yake koyar da kwamfuta a Lafia. A duniya akwai yarukan kwamfuta da miliyoyin mutane ke aiki da su. Nasa mai aiki da shi ɗaya ne, kuma ba mutum ba ne. Tankin ruwan unguwarsu ne a Azuba.

Shekara biyar da suka wuce unguwa ta haƙa bohol, aka sa sola da sumo, wato injin da ke turo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa, aka ɗora baƙin tanki a kan doguwar hasumiyar ƙarfe. Malam ya yi ta sintiri gidan 'yan kwamiti har suka gaji suka bar shi ya kafa wani akwati mai girman burodi a gindin hasumiyar. A cikin akwatin nan Injin Babu yake zaune. Kullum ƙarfe goma na safe, in rana ta yi ƙarfi, sai ya farka, ya tashi sensa, 'yar na'urar awon ruwa da ke can saman tanki, ya duba ƙarfin rana, ya duba batir, sannan ya tambayi sensar labarin ruwa. In ta ce "ƙasa", ya kunna sumo har tanki ya cika. In ta ce "kalau", ya koma barci sai gobe. Shekara biyar ana haka, babu wanda ya taɓa ce masa sannu. A iya sanin Malam game da aikin jama'a, wannan shi ne yabo mafi girma.

Sai hutun Ista ya zo, hannunsa ya yi masa ƙaiƙayi. Ya zauna sati biyu yana kwance cikin injin yana sake ɗaurewa, ya cire zagaye-zagayen da ba su da amfani, har Injin Babu ya ninka saurinsa sau biyar. Daren ƙarshe na hutu ya zuba sabon a akwatin. Babu wanda ya roƙe shi. Tanki bai taɓa kukan ana ɓata masa lokaci ba. Amma ranar da aka koma makaranta sai da ya sanar a ɗakin malamai, sau biyu, don wasu ba su shigo ba a karon farko. Malamin labarin ƙasa ya tambaye shi ko yanzu ruwan zai fi sanyi.

Washegari da rana tsaka famfo ya yi tari sau biyu ya yi shiru.

Ya dawo daga makaranta ya tarar da bokitai sun yi layi tun daga gindin hasumiya har ƙofar gidansa, kamar su ma sun san gidan mai laifi. A kan layin, bisa kujerar roba, Hajiya Nana Hadiza ce zaune, ciyaman ɗin kwamitin ruwa, tsohuwar hedimistires wadda ta yi ritaya daga makaranta amma ba ta yi ritaya daga hedimistires ba.

"Injiniya," in ji ta. Ba ta kiransa haka sai in abu ya lalace. "Ɗanka ya ƙi aiki."

"Hajiya, yanzu za a gani. Ai ba ya iya ɓoye mini komai."

Da gaskiyarsa, a ganinsa. A cikin Injin Babu ya bar wani wuri da yake kira ƙugiya, kuma duk cikin aikin shekara goma sha ɗaya babu abin da ya fi alfahari da shi. Kafin injin ya aikata kowane umarni, sai ya waiga ya duba ko an rataya wani abu a ƙugiyar. In an rataya, sai ya tsaya ya kira abin tukuna, sannan ya ci gaba. Abin da Malam ya fi ratayawa shi ne mai bin sawu, wani ɗan rubutu da ke aiko wa laftof rahoton kowane taki ta waya: ina layi na kaza, zan yi kaza, an amsa mini kaza.

Ya durƙusa, ya jona waya, ya rataya mai bin sawu, ya tashi injin da hannu. Layuka suka fara gangarowa a allo. Na farka. Na tashi sensa. Rana da ƙarfi. Batir cike. Na tambayi sensa. Ta ce ƙasa. Na kunna sumo. Ƙasa ta ɗauki gurnani, bututu ya yi rawa, ruwa ya kama hawa.

"Me ka gyara?" in ji Hajiya.

"Ban gyara komai ba tukuna."

"To me ya same shi?"

"Babu abin da ya same shi, Hajiya."

Ta dube shi irin kallon da ta yi shekara talatin tana yi wa yaran da suka ce akuya ta cinye musu aikin gida. Ta ɗauki kujerarta ta tafi.

Washegari yana aji ƙarfe goma, tanki bai cika ba. Ya dawo ya jona laftof, komai ya tafi daidai. Jibi ya ɗauki uzuri ya zauna gaban akwatin tun tara da rabi, goma na bugawa sumo ya tashi kamar bai taɓa saɓa wa kowa ba. Gata ya tafi makaranta, unguwa ta yini da ƙishi. Kafin sati ya zagayo, ko 'yan talla da ke wucewa sun haddace ƙa'idar: in Malam na nan da laftof akwai ruwa, in ba ya nan babu.

"Ma'aikacin gwamnati ka haifa," in ji Mardiya. "Sai oga na ofis yake taɓa fayil."

Shi ma dai ma'aikacin gwamnati ne, kuma a satin nan firinsifal ya leƙa ajinsa sau uku bai same shi ba.

Ran Litinin bayan la'asar kwamiti ya zauna a ƙarƙashin mangwaron Hajiya. Su uku ne masu magana. Akwai Hajiya. Akwai Baffa Bubayero, dattijon da ya kafa rugarsa a bakin unguwa tun kafin unguwar ta iso shi, wanda shanunsa ke sha a kwamin da ke gindin tanki. Sai Raymond mai aikin famfo, wanda shi ya ɗaura bututun tun farko, ya kuma zo taron da wata baƙar leda a hannu.

Raymond ya buɗe ledar ya fito da wata ƙwallon roba mai jelar waya, ƙanwar irin wadda ke cikin tankin masai, ya ajiye ta a tsakiyar tabarma.

"Mama Ciyaman, abeg ki duba wannan. Ruwa ya sauka, shi ya sauka, sumo ya kama. Ruwa ya hau, shi ya hau, sumo ya tsaya. Ba ya barci, ba ya farkawa, ba ya so a kalle shi. Ba shi da yare ma."

"Ba ta san ƙarfin rana ba," in ji Malam.

"Oga Injiniya, rana ya san ƙarfin kansa."

Malam ya yi jawabi na minti ashirin a kan bambancin na'ura mai tunani da roba mai iyo. Baffa Bubayero ya yi gyangyaɗi cikin ladabi. Da ya gama, Hajiya ta yanke hukunci. Ran Asabar ƙarfe goma za a gwada. Malam ba zai kasance a unguwa ba, laftof ɗinsa zai kwana a ɗakinta. In sumo ya tashi da kansa, akwati ya zauna. In bai tashi ba, Raymond ya cire akwati ya sa ƙwallo, magana ta ƙare.

Malam ya dubi ƙwallon. Shekara goma sha ɗaya, yare guda cur da nahawunsa, ga abin da zai gaje shi, kuma har da ɗan tabon siminti a gefe.

Ita Hajiya ba muguwa ba ce, ta fi son akwatin ya yi aiki a huta. Don haka ta ɗauki nata matakin. Ran Talata ta sa Baffa Bubayero ya zauna gaban akwatin ƙarfe goma ya zuba masa ido. Baffa ya yi awa guda yana kallonsa da irin kallon da yake tsayar da bijimi, sumo bai motsa ba. Aka gane ke nan ba kowane ido yake tsoro ba. Ran Laraba ta aika wa Mardiya ta kawo tsohuwar rigar Malam da hularsa, aka gicciya sanda biyu, aka tsayar da su suna fuskantar akwatin. Malam ya dawo daga makaranta ya tarar da kansa tsaye a rana, ya rame, iska na kaɗa shi. Ruwa dai babu.

"Tsohuwa ce, ya gane," in ji Hajiya. "Wannan ai tun kafin ka yi tumbi."

"Hajiya, akwatin ba shi da ido."

"To da me yake sanin ka zo?"

Wannan tambayar ita ce ta hana shi cin tuwon kirki kwana uku.

Ran Laraban da yamma ya yi dabara. Ya rubuta wani ɗan ƙaramin abu ya rataya a ƙugiya, wanda ba ya aika rahoto ko'ina, ba ya buƙatar waya. Aikinsa kawai ya riƙe layuka biyar na ƙarshe a ƙwaƙwalwar akwatin, wadda ba ta fi ta kaza ba. Ran Alhamis ya tafi makaranta, ya koyar da darasin da shi kansa bai ji ba, ya dawo ya tarar da bokitai, ya buɗe. Na tambayi sensa. Ta ce kalau. Na koma barci.

Ya zauna a ƙasa dirshan. Injin Babu bai yi kuskure ba, abin da aka gaya masa ya bi. Wannan ya ɗan sanyaya masa rai, irin sanyin da uba ke ji in aka ce ba ɗansa ne ya fara faɗan ba. Amma ga tanki wayam, ana buga shi yana amsawa kamar ganga, sensa kuma ta ce kalau. Ya jona laftof, ya rataya mai bin sawu, ya sake tambaya. Ta ce ƙasa. Wato ba malalaci gare shi ba, maƙaryaciya gare shi, mai faɗin gaskiya gaban oga kawai. Kuma tana can sama, tsawon mutum shida daga ƙasa, Raymond ya liƙe ta da gam tun shekara biyar. Malam kuwa ko kan kujera ya hau don canja ƙwan lantarki sai Mardiya ta riƙe masa ƙafa.

Ran Juma'a da safe ya zauna ya yi gadi aka samu ruwa, don kada a shiga masallaci ba alwala a kuma ambaci sunansa a huɗuba. Sannan ya wuce makaranta ya buga dukan sawun ranar a takarda, shafi tamanin da wani abu, na da da na yanzu. Bayan an sauko ya shimfiɗa su a tsakar gida layi-layi, ya danne kowace da dutse, ya yi ta bin su a durƙushe kamar mai neman allura. Bai ga komai ba. Duk layin da ya duba daidai yake, don duk layin da ke takardar an rubuta shi ne ana kallo. Ya miƙe, bayansa ya yi ƙara, ya fita zuwa gindin tanki ya tsaya kusa da rigarsa, su biyu suna kallon hasumiya. Ƙofar gida a buɗe ya bar ta.

Nan Baffa Bubayero ya same shi, yana tafe a hankali, sanda a gicciye bisa kafaɗa.

"Malam, barka da Juma'a."

"Barka kadai, Baffa. An sauko lafiya?"

"Lafiya lau. Ya zafin nan?"

"Lokacinsa ne. Ya gida?"

"Kalau."

"Ya shanu?"

"Kalau, sai godiya."

"Da maruƙa?"

"Duk kalau. Ya makaranta? Ya yaran mutane?"

Suka bi ta kan iyali, da gajiya, da ciwon gwiwar Baffa wanda ya ce da sauƙi, da 'yan uwan Malam na cikin gari. Baffa ya nemi dutse ya zauna, ya jingine sanda, ya cire takalmi ɗaya ya kakkaɓe. Ya gaida rigar ma da kai, don ba a sani ba. Ya tambayi yadda ake ciki da akwati, Malam ya yi masa bayanin bin sawu, Baffa ya ce shi ma aikinsa ke nan tun yana yaro, sai dai shi sawun da yake bi ba ya canjawa don an dube shi. Sannan Baffa ya gyara murya.

"Dama abin da ya kawo ni, wani ɗan maraƙina ne ya tsinke igiya ya shiga gidanka. Yana cin takardun nan naka. Na leƙa na ga ya kusa rabi."

Malam ya juyo gaba ɗaya. "Baffa, ba yanzu na tambaye ka maruƙa ka ce kalau ba?"

"Ai lokacin ko zama ban yi ba."

"To ina ruwan zama da maraƙi?"

"Malam, kai ma ka sani. Mutum ya iso, numfashinsa bai dawo ba, ka jefa masa tambaya, me kake so ya ce? Na fari ai kalau ne, ko gidansa na ci da wuta. In labari kake so, sai ka bari a gama gaisawa." Ya mayar da takalminsa. "Mu je in kama shi, kada tawadar ta ɓata masa ciki."

Malam bai motsa ba. Baffa ya yi taku uku ya waigo, ya ga mutum biyu tsaye ƙiƙam, ɗaya da tumbi ɗaya babu, ya girgiza kai ya tafi ceton maraƙinsa.

Abin da ya tsayar da Malam wani layi ne da ya tuna. Ya zauna a dutsen da Baffa ya tashi, ya buɗe laftof, ya tono rubutun da ya zuba wa sensar shekara biyar da suka wuce, wanda bai sake buɗewa ba tun ranar. Sensar da sauti take awo: in an tashe ta, sai ta aika ƙara zuwa fuskar ruwa ta jira ta dawo, ta maimaita har ta tabbata, abin da ke ɗaukarta kamar daƙiƙa uku. A wancan lokacin ya zo wurin da dole ya rubuta abin da za ta ce in aka tambaye ta kafin ta gama. Ga shi nan da hannunsa: in ba a gama awo ba, amsa kalau. A gefe har ya bar wa kansa wasiyya: kafin in gyara.

Ya tuna ranar sarai. Ya fara rubuta "ban sani ba", ya ga abin ya yi tsaye da yawa. Abu ya tashi daga barci, babba ya tambaye shi, ya buɗe baki ya ce bai sani ba? Hannunsa da kansa ya goge ya sa abin da duk mai tarbiyya zai ce.

Sauran lissafin ko ɗan aji ɗaya zai yi. Tsohon Injin Babu, da nawarsa, daƙiƙa huɗu yake yi tsakanin tashin sensa da tambayarta, yana duba rana yana duba batir, ita kuwa ta gama awo ta zauna tana jira. Sabon, wanda aka sanar sau biyu a ɗakin malamai, kafin daƙiƙa ɗaya ya iso kanta da tambaya. In an jona laftof kuma, tsayawar da yake yi a kowane taki yana ba da rahoto sai ta mayar da shi ya fi na da nawa. Ba tsoron Malam yake ba. Malam ne ke ɓata masa lokaci, ɓata lokacin kuma shi ne abu ɗaya mai amfani da Malam ya yi a satin nan.

Hanya uku ce gabansa. Ya hau hasumiya ya gyara sensa, wannan bai ko tsaya dubawa ba. Ya mayar da tsohon inji mai nawa, ya koma ɗakin malamai ya zauna kusa da malamin labarin ƙasa, wannan ma ya ji gara hasumiyar. Ta uku ita ce ƙugiya.

Layi ɗaya ya isa: in ka zo tambayar sensa, jira daƙiƙa huɗu. Ya rubuta shi, ya dube shi. Ka tashi mutum daga barci, ka tsaya a kansa shiru kana kallonsa daƙiƙa huɗu, sannan ka ce ina ruwa. Ko ɗan sanda ba ya haka. Ya goge. Ya rubuta wani ya rataya a ƙugiyar: duk lokacin da injin ya iso umarnin tambayar sensa, ya dakata ya tambaye ta kwana, ya saurara kaɗan, ya tambaye ta gajiya, da zafi, da gida, da aiki, da iyali, da kwana biyu. Sensar tambaya ɗaya ta sani a duniya, duk abin da aka ce mata amsar ruwa take bayarwa. Injin ya karɓi amsoshin nan bakwai ya zubar, kamar yadda kowa ke yi. Ta takwas ita zai riƙe.

Gwadawa ce ba ta yiwuwa. Tanki cike yake tun safe, ko ya tambaya kalau za ta ce kuma da gaskiyarta. In kuma ya jona laftof don ya gani, ya ɓata gwajin da hannunsa. Ya rufe akwatin, ya kai wa Hajiya laftof, ta sa shi ƙarƙashin gado ta ja akwatin zannuwa ta tare. A gida ya tarar da shafi talatin da ɗaya sun tsira, Mardiya ta riga ta ware su don kunna gawayi.

Ran Asabar tun takwas Raymond ya yi hon a ƙofar gida. Kwamiti ya yanke cewa cikin gari ya yi kusa, akwatin zai iya jin ƙanshinsa, don haka Assakio za a kai shi. Ya hau bayan babur, baƙar ledar nan tana rataye a hannun babur tana bugun gwiwarsa duk ramin da suka faɗa. A hanya ya yi wa ƙeyar Raymond bayanin komai, tun daga ƙugiya har maraƙi.

"Wato Oga, ka koya wa inji gaisuwa."

"Na daidaita lokacin tambaya."

"Ka koya masa gaisuwa. Ni shekara ashirin a garin nan, har yau in na je gyara famfo sai na tambayi kaka da kakan kaka kafin a nuna mini inda yake yoyo. Yanzu inji ma ya shiga." Ya kauce wa wata akuya. "Ƙwallo na ba ya gaida kowa."

Suka sami rumfar mai shayi kusa da masu doya suka zauna. Raymond ya ajiye ledar a kan benci tsakaninsu. Malam ya sa an haɗa masa shayi ya bar shi yana hucewa. Goma saura biyar. Goma. Ya ƙirga a ransa: kwana, gajiya, zafi, gida. Goma da minti biyar, waya shiru. Wata mota ta tsaya aka loda mata doya har ta durƙusa, ta tashi da ƙyar ta tafi. Goma da kwata wayar ta yi ƙara. Mardiya ce.

"Yaya ruwan?" Bakinsa ya riga shi.

"Kalau," in ji ta.

Ya rufe ido. Shekararsa hamsin da ɗaya, kuma jiya jiyan nan aka koya masa. Ya ja numfashi, ya gyara zama.

"Kin tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Malam. Kun isa lafiya?"

"Lafiya. Ya gidan?"

"Kalau."

"Ya zafi?"

"Ga shi nan dai."

"Yara sun karya?"

"Sun karya. Ya hanya? An ce ramukan sun ƙaru."

"Da sauƙi. Ya Hajiya?"

"Tana nan, ga ta ma zaune." Can bayan muryarta yana jin hayaniyar mata da ƙarar bokitai, amma bokiti da ruwa da bokiti babu ruwa duk ƙara suke yi a waya. "To dai, goma da 'yan daƙiƙu sumo ya tashi. Yanzu haka ana ta ɗiba. Hajiya ta ce a gaya wa Raymond ya ajiye ƙwallonsa, akwati ya zauna."

Malam ya buɗe baki zai ce a gaya wa Hajiya daƙiƙa nawa sensa ke buƙata.

"Sai dai ta ce rigar ce," in ji Mardiya.

"Wace riga? Ai an gwada riga ran Laraba."

"Waccan tsohuwa ce. Kuna fita ta aiko na ba da shaddar nan taka ruwan toka, ta Sallah, da hular da ka saya a Kano. Ana tsayar da ita ko minti goma ba a yi ba ruwa ya zo. Kowa ya gani da idonsa. Baffa ma ya ce ta fi ka kwarjini."

"Mardiya, da ita zan je ɗaurin auren ɗan firinsifal."

"Na faɗa mata. Ta ce kwamiti ya riga ya zauna, rigar ta zama ta unguwa. Za a yi mata 'yar rumfa saboda damina. In kana so ka ara, ka rubuto, amma ban da ƙarfe goma."

Ya ajiye wayar a kan benci. Yarensa yana da mai magana da shi har gobe, kuma babu wanda zai taɓa sanin dalili sai shi da Raymond da wani maraƙi da ya ci rabin hujjar. Ya ɗauki shayin, ya riga ya yi sanyi, ya kurɓa.

"Oga Injiniya, yaya?" in ji Raymond, hannunsa a kan leda.

"Kalau."

Raymond ya dube shi, ya dubi ledar, ya janye hannunsa. Ya ce wa mai shayi ya soya masa ƙwai biyu.

"Sha shayinka," in ji shi. "Zan sake tambaya."